Hular 'Yan Silima: Ta Mai Saƙa Ce, Ko Ta Kamfani?

A wannan mako filinmu zai leƙa ƙasar Amurka ne, domin mu duba wata 'yar sana'a wadda in mutum ya ji labarinta da farko zai ɗauka wasan yara ce, alhali kuwa ta kai manyan kamfanoni sun tayar da lauyoyinsu a kanta. Sana'ar ita ce saƙa hulunan ulu irin waɗanda 'yan wasan silima suke sawa, ko kuwa masu siffar halittun da akan nuna a cikin finafinai. Mata ne mafi yawan masu yin ta, a cikin gidajensu, da allurar saƙa ko kwarashi da 'yan dunƙulen zare. Abin da za mu tattauna shi ne: idan mace ta sayi zare da kuɗinta, ta zauna kwana biyu tana saƙa, shin hular da ta fito daga hannunta tata ce, ko kuwa ta kamfanin da ya shirya fim ɗin?

Hular da ta fi kowace tayar da ƙura ta fito ne daga wani wasan talabijin mai suna Firefly, wanda gidan talabijin na Fox ya fara nunawa cikin watan Satumba na 2002. Joss Whedon ne ya tsara shi, kuma labarin wasu matafiya ne a cikin jirgin sararin samaniya. Kashi 14 aka shirya, amma 11 kaɗai aka nuna, sai kamfanin ya soke wasan a watan Disamba na wannan shekara, domin a ganinsa bai sami isassun masu kallo ba. A cikin 'yan wasan akwai wani ƙato, sojan haya, marar fara'a, mai suna Jayne Cobb, wanda Adam Baldwin ya fito a matsayinsa. A wani kashi sai mahaifiyar wannan ƙato ta aiko masa da ƙunshi ta gidan waya, ya buɗe, sai ga hular ulu da ta saƙa masa da hannunta: samanta ruwan ɗorawa, tsakiyarta ruwan lemo, ga jajayen kunnuwa biyu suna reto kamar na hularmu ta haɓar-kada, ga kuma tuntu a bisa. Gogan naka ya kafa ta a ka yana alfahari, abokan tafiyarsa suna yi masa dariya.

Abin mamaki, wannan kashi yana cikin ukun nan da Fox bai nuna ba a lokacin. Sai da aka fitar da wasan a faifai a ƙarshen 2003 sannan yawancin mutanen Amurka suka ga hular. Daga nan masoya wasan suka riƙe ta alamar gane juna. Mata suka yi ta tsayar da hoton suna ƙirga layukan zaren, suka fitar da tsarin saƙar, suka koya wa juna kyauta. Duk inda aka yi taron masoya finafinai sai ka ga kawuna ruwan lemo birjik. Yawan sayen faifan da hayaniyar waɗannan mutane suna cikin dalilan da suka sa kamfanin Universal ya yarda ya zuba kuɗi aka yi fim ɗin Serenity a 2005, wanda ya ƙarasa labarin. Watau wasan da masu shi suka binne, masu kallo ne suka tono shi, kuma hular tana cikin kayan aikinsu.

Ba ita kaɗai ba ce a kasuwa. Akwai hula mai naɗin gashi biyu a gefen kunnuwa, kwaikwayon kitson Gimbiya Leia ta fim ɗin Star Wars na 1977. Akwai koriya mai dogayen kunnuwa irin na tsohon nan Yoda, wadda iyaye suke sha'awar sa wa jarirai a ɗauke su hoto. Akwai rawaya mai manyan idanu, ta 'yan halittun Minions da suka fara fitowa a fim ɗin Despicable Me na 2010, da fara mai doguwar jela ta Sarauniya Elsa ta fim ɗin Frozen na 2013. Har da jar hular sanyi ta fim ɗin The Life Aquatic na 2004, wadda su ma masu fim ɗin aro suka yi daga Jacques Cousteau, mashahurin mai binciken teku na ƙasar Faransa.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin ba shi da wuya. Ana farawa ne daga bakin hular, a yi masa saƙa mai miƙewa da komawa domin ya kama kai, sannan a yi ta zagayawa, a riƙa tsuke saƙar kaɗan-kaɗan har ƙoƙon ya rufe. Kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 36 a kewaye, na babban mutum kuwa wajen 55 zuwa 58, kuma gwana takan rage kaɗan daga awon domin ulu yana buɗewa. Kunnuwan Yoda daban ake saƙa su, a ninka su biyu ko a matse saƙar ƙwarai don su tsaya, in ba haka ba sai su lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Naɗin gashin Leia kuwa doguwar igiya ake kitsawa a naɗe ta kamar gammo, a ɗinke a gefe. Hula guda takan ci wa mace sa'o'i masu yawa, kuma in aka lissafa kuɗin zare da lokacin da ta ɓata, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Shekara kusan goma ana wannan harka babu wanda ya ce uffan. Mata da dama suka riƙa sayar da hular Jayne a Etsy, wata kasuwar intanet ta masu sana'ar hannu da aka kafa a birnin New York a 2005. Kwatsam sai kamfanin Fox ya sayar wa wani kamfani mai suna Ripple Junction izinin yin hular da yawa, wani kanti mai suna ThinkGeek ya shiga sayar da ita. Cikin watan Afrilu na 2013 masu saƙa suka fara samun takardun gargaɗi, aka sauke kayansu daga kasuwar. Ran masoya wasan ya ɓaci ƙwarai, suka ce ashe kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da ThinkGeek ya ga fushin jama'a, sai ya ba da sanarwa cewa ba shi ya kai ƙara ba, kuma ribar da ya samu daga hular zai ba wata gidauniyar masoya wasan wadda take tara wa ƙungiyar Equality Now kuɗi, mai fafitikar kare haƙƙin mata. Wannan ya kwantar da ƙura, amma bai mayar wa masu saƙa kasuwarsu ba.

Irin haka ta sake faruwa bayan shekara shida. A watan Nuwamba na 2019 kamfanin Disney, wanda ya sayi Lucasfilm mai Star Wars a 2012 kan kuɗi kimanin dala biliyan 4, ya fara nuna wasan The Mandalorian. A cikinsa akwai wani ɗan jariri kore mai kunnuwa fato-fato, wanda jama'a suka laƙaba wa suna jaririn Yoda kafin daga baya a ce sunansa Grogu. Domin kada asirin labarin ya tonu tun kafin a nuna, kamfanin bai tanadi kayan wasan yara masu siffarsa ba, ga shi kuwa bikin Kirsimeti ya matso. Masu saƙa suka cike gurbin da huluna da 'yan tsana. Ana shiga Janairu na 2020 sai aka fara sauke kayan wasunsu daga Etsy bisa ƙorafin kamfanin.

To, me doka ta ce? A dokar Amurka sutura abin amfanin yau da kullum ce, saboda haka babu wanda yake da haƙƙin mallakar yankan riga ko siffar hula. Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yi bayani a 2017, a shari'ar Star Athletica da Varsity Brands, cewa ado ko zanen da ke jikin tufa yana iya samun kariya idan za a iya raba shi da tufar ya tsaya da kansa a matsayin aikin fasaha. Hula mai launi uku da kunnuwa kuwa an daɗe ana saƙa irinta tun kafin a san talabijin. Inda gizo yake saƙa shi ne suna da siffar ɗan wasa. Sunan fim alamar ciniki ce ta mai shi, siffar halitta irin su Yoda kuma zane ne mai haƙƙin mallaka, wanda a Amurka yakan kai shekara 95 a hannun kamfani. Ɓeran nan Mickey na fim ɗin 1928 sai ranar 1 ga Janairu, 2024 siffarsa ta farko ta zama ta kowa. Bugu da ƙari, wata doka ta 1998 ta kare kasuwannin intanet daga ƙara muddin sun hanzarta sauke kaya idan mai haƙƙi ya yi ƙorafi. Don haka ba a zuwa gaban alƙali. Takarda guda ta isa, kuma matar da ke saƙa a ɗakinta ba ta da kuɗin ja da lauyan kamfani. Shi ya sa da yawa suka mayar da hulunansu kasuwa ba tare da ambaton sunan wasan ba, masu saye kuwa sun san abinsu.

A ganinmu kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Kamfani ya kashe dukiya wajen shirya wasa, kuma wanda ya biya kuɗin izini ba zai so ya ga wani yana cin kasuwar kyauta ba. Idan masana'anta ce ta shiga buga dubban huluna da sunan fim ba izini, wannan sata ce, babu wani suna da za a ba ta. Amma haɗa irin wannan masana'anta da matar da take saƙa hula biyar a wata rashin adalci ne, kuma rashin dabara ne. Armashin hular Jayne duka shi ne cewa uwa ce ta saƙa wa ɗanta, da ɗan karkacewarta da rashin daidaiton layinta. Wadda inji ya fitar dubu a yini ta rasa wannan. Da kamfanin ya fito da ƙaramin izini mai araha domin masu sana'ar hannu, da ya sami kuɗinsa, ya kuma riƙe mutanen da suka raya masa wasan.

Akwai kuma wani fanni na sana'ar da ya fi ciniki daraja. A garin Palmer na jihar Alaska, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Holly Christensen, wadda ta yi aiki da masu ciwon daji, ta lura cewa yaran da magani ya zubar musu da gashi fatar kansu takan yi laushi, gashin kanti yana sa su ƙaiƙayi. Sai ta ɗaura dogon zaren ulu a kan hula mai taushi, ta kitsa shi kamar gashin Rapunzel. Daga nan aka kafa ƙungiyar The Magic Yarn Project a 2015, inda masu aikin sa kai suke saƙa irin waɗannan huluna ana raba wa yara marasa lafiya kyauta.

Mu ma nan gida sa wa hula sunan mutum ba baƙon abu ba ne. Muna da zanna-bukar, muna da doguwar hular da aka sa wa sunan Shagari, kuma ba mu taɓa jin an nemi ɗinki ya tsaya sai an biya wani ba. Amma 'yan'uwanmu mata masu saƙa kayan sanyi na jarirai, waɗanda yanzu suke tallar kayansu ta wayar hannu har zuwa ƙasashen waje, ya kamata su san cewa kasuwar duniya ba haka take ba. Nijeriya ma tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta maye gurbin ta 1988. Wadda za ta saƙa wa ɗanta ko ta yi kyauta, babu mai bin ta. Wadda za ta sayar kuwa, ta guji sa sunan fim ko tambarin kamfani a tallarta. Ta kuma kula da lafiyar yaro: kada a yi idanun hula da maɓalli ko dutsen ado wanda jariri zai iya cirewa ya haɗiye, a saƙa su da zare, kada a bar doguwar igiya a wuya, kada kuma a bar jariri ya yi barci da hular ulu a cikin ɗaki, domin zafi yana iya yi masa yawa.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce, hannun da ya iya fitar da kunnen Yoda ba zai kasa fitar da Gizo da Ƙoƙi ba, ko kan zakara, ko ƙahon rago na Babbar Sallah. Waɗannan namu ne tun kaka da kakanni, babu lauyan da zai aiko da takarda a kansu, kuma wadda ta fara tsara su da kyau ita za a riƙa kwaikwayo. Kayan aro dai ba ya rufe katara.