Fayil Ɗaya, Suna Biyu: Tambayar da Ya Kamata Ma'aikatu Su Yi Kafin Sayen Manhaja

Tun da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya ɗaura aniyar raba ma'aikatu da takarda, har ya sanya ƙarshen shekarar 2025 a matsayin wa'adi, muhawarar da ake yi ba ta wuce ta horas da ma'aikata da ƙarfin intanet da wutar lantarki ba. Duka waɗannan suna da muhimmanci. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai take shiga takardar kwangila ba: manhajar da za ta karɓi fayil, ta kwafe shi, ta sauya masa izini ko ta goge shi, shin tana tabbatar da cewa abin da ta taɓa shi ne abin da take zato?

A ofishin rajista, bangon fayil da takardun cikinsa tare suke tafiya. A kwamfuta kuwa suna daban, abin da ke ciki daban. A tsarin Linux, da tsarin ajiya na NTFS da Windows ke amfani da shi, bayanan fayil suna da lambarsu, sunan da muke gani a folda kuwa nuni kawai yake yi zuwa ga wannan lamba. Saboda haka bayani ɗaya yana iya ɗaukar suna biyu ko goma a folda daban-daban. Masana na kiran wannan had-link, mu kuma mu kira shi tagwayen suna. Ya bambanta da kwafi, domin duk abin da aka rubuta ta wannan suna zai bayyana ta wancan. Ya kuma bambanta da gajeriyar hanyar da muke gani da ɗan kibiya a jikinta, domin ita tana bayyana kanta, manhaja na iya ƙin bin ta. Tagwayen suna ba su da babba da ƙarami, kowannensu shi ne fayil ɗin.

Haɗarin yana tasowa ne idan manhaja mai cikakken iko ta yi aiki a wurin da mai ƙaramin iko ke iya rubutu. A ɗauka mai ƙaramin asusu ya ƙirƙiri suna a foldarsa, amma sunan yana nuni ne ga wani muhimmin fayil na tsarin kwamfutar. Manhajar gyara ko ta sabuntawa ta zo zagayenta, ta tarar da fayil a foldar wane, sai ta mallaka masa shi kamar yadda aka umarce ta. Daga nan fayil ɗin tsarin ya zama nasa. Tamkar a sanya takardar biyan kuɗi a cikin bangon neman hutu ne, a miƙa wa babban sakatare ya sa hannu. Sa hannun na gaske ne, ikon ma na gaske ne, bangon ne kawai ya yi ƙarya.

Wannan ya faru a zahiri. A ƙarshen watan Agusta na 2018 aka bankaɗo wata ɓaraka a sashen Windows mai tsara lokutan ayyuka. Sashen yana sauya izinin fayilolin da ke wata folda da kowane mai asusu ke iya rubutu a cikinta, ba tare da ya tantance wanda ya nema ba. Da tagwayen suna, mutum zai sa shi ya buɗe masa fayil ɗin da bai da hurumin taɓawa. Kamfanin tsaro na ESET ya ba da rahoton cewa kwana biyu bayan bayyanar ɓarakar, wani gungun masu kutse da aka laƙaba wa PowerPool ya fara amfani da ita, yana musanya manhajar sabuntawa ta Google da tasa domin ya samu cikakken iko. Sai a ranar 11 ga Satumba Microsoft ya fitar da gyara.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙunshin fayiloli. An taɓa samun irin wannan rauni a node-tar, wani ɓangaren manhaja da ɗimbin masu haɗa manhajoji ke dogaro da shi wajen kwance ƙunshi, kafin a gyara shi a fitowa ta 4.4.2. Mai mugun nufi zai sanya tagwayen suna a ƙunshin da ke nuni ga fayil ɗin da ke kan kwamfutar mai karɓa, sannan ya biyo da fayil mai irin wannan suna. Da an kwance, an rubuce wancan. Duk ma'aikatar da shafinta ke karɓar ƙunshin takardu daga 'yan kwangila ko masu neman aiki, ya kamata wannan ya dame ta.

Hanya ta uku ta shafi gogewa. Bayani ba ya barin faifai sai an cire sunansa na ƙarshe. Jami'i zai goge takardar sirri, ya rubuta a rahoto cewa an goge, alhali tana nan daram ƙarƙashin wani suna. Haka ma tsohuwar manhaja mai rauni za ta iya tsira bayan an sabunta, idan wani ya riga ya ajiye mata suna na biyu.

Wasu za su ce ai duk wannan sai mai kutse ya riga ya samu shiga. Gaskiya ne ga hanya ta farko da ta uku. Amma samun ƙaramin asusu ba wani abin wahala ba ne a ofishin da ake raba kwamfuta ɗaya tsakanin mutum huɗu, ake kuma buɗe duk saƙon imel da ya zo da tambarin hukuma. Tagwayen suna su ne tsanin da ke ɗaga mai kutse daga teburin akawu zuwa kujerar mai kula da tsarin gaba ɗaya. Wasu kuma za su ce to a hana amfani da su kwata-kwata. Wannan ma ba zai yiwu ba, domin Windows da kansa yana amfani da su wajen adana fayilolinsa, manhajojin ajiyar ko-ta-kwana da dama kuma da su suke rage cin wuri.

A ganina, nauyin yana kan mai haɗa manhaja da mai sayenta, domin babu horon da zai sa magatakarda ya ga abin da allo ba ya nuna masa. Tun 2012 Linux ya samu kariyar da ke hana mutum yin suna na biyu ga fayil ɗin da ba nasa ba kuma ba shi da izinin karantawa da rubutu a kansa, amma kariya ce da ake kunnawa, ana kuma iya kashe ta. Ya kamata sashen fasahar kowace ma'aikata ya duba sabobinsa ya tabbatar tana kunne. Ya kamata kuma a san adadin kwamfutocin da har yanzu ke kan Windows 10, wanda Microsoft ya daina ba shi tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025.

A fannin kwangila, kwamitin tantancewa ya nemi amsa a rubuce kan abubuwa uku. Shin manhajar tana aiki da cikakken iko a foldar da kowa ke rubutu? Shin tana ƙin ƙunshin da ke nuni zuwa wajen inda aka ce a kwance shi? Kuma cikin kwana nawa kamfanin zai kawo gyara idan an gano rauni? Hukumar NITDA da Ofishin Kula da Sayen Kayan Gwamnati suna da hurumin mayar da irin waɗannan tambayoyi ƙa'ida, maimakon a bar su ga sa'ar wanda ya zauna a kwamiti.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar da abin ya shafa cikin sa'o'i 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. A ranar da hakan ta faru, ma'aikatar da ta karɓi amanar bayanan albashi da na fansho ce za ta yi bayani, ɗan kwangilar kuwa ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma lokacin duba wannan bangon shi ne kafin a sa hannu a takardar saye.