Wasiƙa Daga Landan: Wai Kantin Kayan Jirgi Ne, Amma Babu Kowa A Ciki

Yau dai ba labarin sanyi ko tsadar haya na zo maku da shi ba, kuka na zo yi, kuma ina roƙon a yi haƙuri da ni domin maganar ta daɗe tana ci mani rai.

Waɗanda suka saba bibiyar wasiƙuna sun san cewa ba a gida nake kwana ba a garin nan, a cikin jirgin ruwa nake, irin siririn jirgin nan na ƙarfe da faɗinsa bai kai ƙafa bakwai ba, wanda ake zama a cikinsa a kan hanyoyin ruwan da Turawa suka haƙa tun zamanin da doki ke jan kaya. Tsadar hayar Landan ce ta tura ni, ba sha'awa ba, ko da yake daga baya sha'awar ta zo. Hukumar da ke kula da waɗannan hanyoyi tun 2012, wato Canal & River Trust, tana ba irinmu marasa matsaya ta dindindin lasisi bisa sharaɗin kada mu wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Sharaɗin yana cikin wata doka ta 1995. In ka cika kwanakinka ka kunce igiya ka yi gaba. In ka cika zama, akwai ma'aikatansu masu bin gaɓa suna rubuta lambar jirage, kuma ranar sabunta lasisi za ka ji a jikinka, don suna iya rage maka shi zuwa na wata shida.

To a watan Nuwamban 2024 abu biyu suka lalace mani a mako ɗaya. Na farko wayar giya ta tsinke, wato wayar da ta taso daga hannun matuƙi zuwa injin, wadda in babu ita ba gaba ba baya. Na biyu, kuma shi ne mafi haɗari, ɗan famfon da ke zuƙe ruwa daga ƙasan jirgi ya ƙone. Mai karatu zai ce, ruwa kuma a cikin jirgi? E, haka ne. Inda sandar farfela ta huda ƙarfen jirgi ta fita waje, igiya ce mai maiko aka cusa aka matse, kuma da ma an yi wurin ne ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan. Ga kuma ruwan sama da ke bi ta gefen katakon bayan jirgi ya sauka ƙarƙashin injin. Wannan famfo, wanda girmansa bai wuce gwangwanin madara ba, shi ne ke tsakanin mutum da wayewar gari ya tarar da ɗakinsa a ƙasan ruwa.

Ranar Litinin 11 ga wata na shiga gidan yanar wani kantin kayan jirage, ba zan kama suna ba, na ga famfo mai bolt 12 daidai da batirina, na ga waya mai tsawon da nake so. A ƙarƙashin kowannensu an rubuta da koren rubutu cewa akwai shi a sito, kuma za a kawo cikin kwana biyu. Na biya da katin banki, har na ƙara kuɗin gaggawa, na ba da adireshin gidan wani abokina tunda jirgi ba shi da lambar ƙofa. Kafin in ajiye wayata kuɗi sun fita. A wannan fannin kam ba su da wasa.

Laraba ta zo ta wuce. Juma'a ta wuce. Na nemi lambar waya a gidan yanar, wallahi sai da na leƙa kowace kusurwa, babu. Abin da ke akwai shi ne wani ɗan akwatin hira da ke fitowa daga gefe yana yi maka sannu da zuwa da sunan mace, alhali kwamfuta ce. Na rubuta mata cewa jirgina yana shan ruwa. Ta ce ta yi farin ciki da jin ta bakina, shin ina so in ga rangwamen da suke yi a kan tabarau na rana? Na aika imel. Amsa ta zo nan take cewa saƙona yana da muhimmanci a wurinsu, ga lambar ƙorafina, a saurare su cikin kwana biyar na aiki. Na sake aikawa, aka ba ni sabuwar lamba. Yanzu haka ina da lambobin ƙorafi huɗu a ajiye.

Ranar Asabar 23 ga wata guguwar da aka sa wa suna Bert ta sauka a ƙasar nan da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A ranar ce kuma kwanakina 14 suka cika a wurin da nake. A daren nan, jama'a, ni da na taso a garin da sai an yi roƙon ruwa, na kwana a durƙushe a ramin injin da fitila a goshi, ina kwasar ruwa da kofin roba ina zubawa a bokiti. Na sa agogo ya riƙa tashina duk bayan awa biyu. Washegari kuma ga aiki yana jirana. Hukumar dai, gaskiya ɗaya ce, da na sanar da su cewa injina ne ya samu matsala sun ƙara mani kwanaki ba tare da jan magana ba. Wato ma'aikatar da ake tsoro ta amsa, kantin da ya karɓi kuɗina bai amsa ba.

Sai ranar Talata 26, kwana 15 cif bayan biyan kuɗi, kwali ya iso. Na buɗe, famfo ne mai bolt 24, wanda in ka haɗa shi da batirina sai dai ya yi ta gurnani ba ya ɗaga ruwan kirki. Waya kuwa ko alamarta. Kuma takardar da ke manne a jikin kwalin ba ta kantin da na yi ciniki da shi ba ce, ta wani babban dillali ce a wani gari daban.

A nan ne na gane bakin zaren, kuma a nan ne nake da magana. Da yawa daga cikin waɗannan kantuna na intanet ba su da kaya. Hotuna gare su. Sukan kwafo jerin kayan babban dillali su liƙa a gidan yanarsu, dubban abubuwa, su rubuta akwai a ƙarƙashin kowanne. Sai ka biya sannan su tura odarka can, in akwai a aiko maka, in babu su yi shiru da kuɗinka har Allah Ya kawo. Mutumin da ke zaune bayan kwamfutar bai taɓa riƙe famfon a hannunsa ba, bai san bambancin 12 da 24 ba, watakila bai taɓa taka jirgi ba. Dillanci ba laifi ba ne, mu da dillalai muka tashi. Amma dillalin kasuwar shanu ba ya ce maka saniyar tana ɗaure a gidansa alhali bai ma gan ta ba. Ka ce akwai, ka karɓi kuɗin gaggawa a kai, kuma ka san ba ka da shi, wannan a garinmu sunansa ƙarya, a nan ma ban san wani sunan da zan ba shi ba.

Kuma a lura, ba riga ko takalmi ake magana ba. Mai sayar da kayan jirgi yana sayar da rigar ceto, da abin kashe gobara, da na'urar da ke ƙara in iskar guba ta murhu ta taru a ɗaki, wadda tun Afrilun 2019 aka wajabta ta a jiragen kwana irin nawa. Wanda ya aiko mani famfon da ba nawa ba, shi ne gobe zai aika wa wani uba gwangwanin iskar da bai dace da rigar ceton ɗansa ba. Wannan uban ba zai gane kuskuren a falo ba, sai a cikin ruwa.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mani. Wani maƙwabcina ya ce in yi masu uzuri, ƙananan 'yan kasuwa ne, annobar korona ta karya su, kuma tun da Birtaniya ta fice daga tsarin kasuwar Tarayyar Turai a farkon 2021 kayan da ke zuwa daga Holan da Jamus suna daɗewa. Na yarda da duk wannan. Amma ni ban yi fushi don kaya sun makara ba. Na yi fushi don an ƙi gaya mani. Layi ɗaya ranar Talata, cewa Malam babu kayan nan, nemi wani wuri, da ya wadatar, kuma ba kwastan ne ya hana su rubuta shi ba. Da na kwana a gadona ranar guguwa.

Da ƙyar, bayan na rubuta ƙorafi a dandalin da ake ba kantuna maki, wani mutum mai rai ya amsa mani. Ka ji abin mamaki: jirgi zai nutse ba su motsa ba, tauraro ɗaya ya tashe su. Abin da ya fara cewa shi ne in tuntuɓi kamfanin kai saƙo. Sannan in mayar da famfon da kuɗina. Sannan za su ba ni takardar sayen wani abu a kantinsu maimakon kuɗi. Duka ukun nan ba su da tushe a doka, kuma ina so 'yan uwa mazauna ƙasar nan su riƙe wannan. Dokar Haƙƙin Mai Saye ta 2015 ta ce kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannunka, don haka rigimar ɗan aike tasa ce. Ta ce in kaya sun zo da aibu ko ba yadda aka siffanta su ba, kana da kwana 30 ka ƙi su a ba ka kuɗinka cikakku, kuma shi zai ɗauki kuɗin mayarwa. Ƙa'idojin ciniki daga nesa na 2013 kuma sun ba ka kwana 14 bayan isowar kaya ka fasa ko da babu dalili. Na yi tunanin in bi ta sashe na 75 na dokar bashi ta 1974, wanda ke ɗora wa bankin katin bashi alhaki tare da mai kanti, sai na ga sai kuɗin abu guda ya haura fam 100, nawa kuwa kowanne bai kai ba. Don haka na nemi bankina ya janyo kuɗin ta hanyar kamfanin kati, na tura masu rasit da hoton kwali da lambobina huɗu.

Wani lokaci in na ji 'yan uwa a gida suna cewa ai a Turai komai a tsare yake, sai in yi murmushi. A kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ka ɗauki tsohon ƙarfen motarka ka kai, mai rumfa ya juya shi a hannu ya ce ba wannan ba, wancan. In ba shi da shi ya ce zauna, ya aiki yaro maƙwabta. In bai shiga ba ka dawo, ga shi nan zaune, ba inda zai gudu. Ba na cewa babu maha'inta a can, akwai su. Amma aƙalla kana da fuskar da za ka kalla.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Akwai kanti na gaske a bakin ruwa wajen Uxbridge, na san da shi. Fam bakwai na so in rage da wahalar shiga jirgin ƙasa. Mu masu jirage ne muke zuwa irin waɗannan kantuna mu tambayi dattijo shawara kyauta, mu ɗauki hoton kaya, mu koma mu saya a intanet, sannan ranar da ya rufe mu zo muna Allah sarki. A ƙarshe can ɗin na je. Mutumin ya karɓi tsinkakkiyar wayata, ya shimfiɗa ta a kan teburi ya auna, ya ce mani tsawon da na yi oda ma ya gaza da ƙafa ɗaya. Wato ko da ta iso ba za ta kai ba, kuma babu wanda zai gaya mani.

Kuɗina sun dawo a tsakiyar Janairun 2025, daga banki, ba daga kanti ba. Famfon nasu kuwa na rubuta masu sau biyu su aiko a ɗauka, shiru, yana nan ƙarƙashin gadona a kwalinsa. Amma imel ɗin talla ba su taɓa fashi ba, kowace Juma'a sai ya zo, suna kirana babban abokin cinikinsu.

A gaida mutanen gida. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Naku,
daga bakin ruwa a yammacin Landan.