A Gina Mana Masauki A Bakin Dajin Kamuku

Na san da yawa daga cikinku da ganin kan wannan magana za su ce lalle yaron nan bai san abin da duniya take ciki ba. Dajin da ambaton sunansa kaɗai kan sa gaban manya ya faɗi, shi ne za a ce a gina masauki a bakinsa, har mutum ya ɗauki jakarsa ya je ya kwana don kallon tsuntsaye? Ku yi mini haƙuri ku saurare ni tukuna, in na gama sai ku yanke hukunci.

Abin da ya jawo wannan tunani shi ne wata hira da muka yi da kawuna a hutun da ya wuce, sa'ad da ya zo gaishe da kakarmu. Shi kawun nawa ya yi karatu a Ingila, kuma ya ba mu labarin wani mako guda da suka yi shi da abokan karatunsa a wani ƙauye da ake kira Cley, a yankin Norfolk, can gabashin ƙasar a bakin teku. Ya ce wani ɗan ƙaramin gida suka kama haya, mai ɗaki biyu da madafa, mai gidan kuwa wata tsohuwa ce da take zaune a maƙwabta. Gaban ƙauyen wata shimfiɗaɗɗiyar fadama ce cike da dogayen ciyayin ruwa irin kacalla, bayan fadamar sai tudun tsakuwa, bayan tudun sai teku. Tun da asuba za ka ga mutane, tsofaffi da yara, kowa rataye da madubin hangen nesa, suna bin wata hanyar katako zuwa waɗansu 'yan ɗakuna masu siririyar taga. A nan za su zauna shiru, ba mai tari da ƙarfi, suna kallon tsuntsaye suna rubuta sunayensu a ɗan littafi.

Da na ji haka sai dariya ta kama ni, na ce ashe akwai waɗanda ba su da aikin yi a duniya. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ka ga marasa aiki, ni kuwa na ga tsohuwar da take cin abinci da hayar gidanta, da mai gasa burodi, da mai sayar da kifi, da mai gadin fadama, duk albarkacin tsuntsu." Sa'an nan ya gaya mana cewa tun a shekarar 1926 wani likita mai suna Sydney Long da waɗansu abokansa suka haɗa kuɗi suka sayi fadamar domin a bar wa tsuntsaye ita su hayayyafa, kuma har yau tana nan a hannun ƙungiyar da suka kafa.

Wani abin mamaki kuma shi ne, waɗansu daga cikin tsuntsayen da ake zuwa kallo a can baƙinmu ne. Idan sanyi ya gabato a Turai sukan taso su tsallake teku, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a fadamun Afirka ta Yamma su yi rani, sa'an nan su koma. A cikinsu akwai 'yan mitsi-mitsi da nauyinsu bai kai giram 20 ba. A shekarar 1969 masu ƙirgan tsuntsaye a Ingila sun ga wata ƙaramar tsuntsuwa ta ragu da fiye da rabi a shekara guda, da aka bincika sai aka gano farin da aka yi a yankin Sahel ne ya halaka su. Watau ke nan abin da ya sami fadamarmu yakan kai har ƙofar gidan waccan tsohuwa. Saboda haka ne masana suke girmama fadamar Haɗeja da Nguru, wadda aka sa wani ɓangarenta cikin jerin muhimman dausayoyin duniya a shekarar 2000. A can ne Dagona take, cikin Jihar Yobe, inda aka keɓe tafki don tsuntsayen ruwa, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya kai ziyara a 1989.

To, mu mutanen Birnin Gwari fa, me Allah ya ba mu? Ba mu da teku, gaskiya ne, amma muna da Dajin Kamuku. Tun a 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi ya shiga sahun manyan gandayen daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Daji ne na doka da taura da baushe da maje da kaɗanya, ga fadamu a bakin rafuka, ga duwatsu irin su Goron Dutse da Tsaunin Rema, ga magangarar ruwa ta Dogon Ruwa. An san shi da gwanki da gada da mazo da mugun dawa da birai, a da ma har giwaye sukan ratsa tsakaninsa da Kuyambana. Masana sun ƙirga tsuntsaye fiye da iri 170 a cikinsa, har da burtu da tuje, waɗanda ba ko'ina ake ganinsu ba.

Yanzu bari in yi tambaya. A cikinmu ɗaliban wannan makaranta, mutum nawa ne suka taɓa ganin burtu da idonsu yana tafiyarsa ta ƙasaita a cikin ciyawa? Kakana mafarauci ne, kuma har ya rasu akwai kan burtu rataye a ɗakinsa, wanda yakan ɗaura a goshi ya sunkuya ya yi ta rarrafe har ya kusanci nama. Ni dai wannan busasshen kai kaɗai na sani. An haife mu a gefen dukiya, mun girma ba mu san kamanninta ba, abin da muka sani game da daji shi ne labarin wanda aka sace da wanda aka kashe da kuɗin fansa nawa aka biya. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Daji ma haka yake, ba ya zama ba mai shi. In mutanen kirki suka janye ƙafa, waɗansu za su shimfiɗa tabarmarsu.

Ra'ayina shi ne, ya kamata ƙaramar hukumarmu da masarauta da hukumar kula da gandayen daji su fara shiri tun yanzu na gina 'yan ƙananan masaukai a ƙauyukan da suke bakin Kamuku. Ba otal mai hawa-hawa nake nufi ba. 'Yan ɗakuna ne huɗu ko biyar, ginin ƙasa da jinka mai kyau, da rijiya, da makewayi mai tsabta, da gidan sauro, da wurin salla. A bakin daji za a gina su, ba a tsakiyarsa ba, kusa da fadama inda tsuntsaye suke sauka shan ruwa. Kuma sharaɗi mafi girma shi ne su zama mallakar mutanen ƙauyen, kuɗin haya ya shiga hannunsu, matansu su dafa abincin baƙi, tsofaffin mafarauta su zama 'yan jagora. Wanda ya san kukan kowane tsuntsu da sawun kowace dabba ai malami ne, sai dai ba a taɓa biyansa ladan iliminsa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa. Yankari ta Jihar Bauci tun 1962 aka buɗe ta ga masu ziyara, kuma ɗakunan da aka gina a sansanin Wikki su ne suka sa baƙo yake iya kwana ya wayi gari a daji maimakon ya leƙa ya juya.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce tsaro. Wani uba zai ce, "Ni da na sha wuya kafin in iya bin hanyar Kaduna da rana tsaka, shi ne zan bar ɗana ya kwana a bakin daji?" Baba, gaskiyarka. Ni ma ban ce a tafi gobe ba, kuma ban ce ɗakin jinka zai kori mai bindiga ba. Wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro, kuma kada ƙafar ɗalibi ko ɗaya ta taka wurin sai su da sarakunan yankin sun tabbatar da lafiya. Amma mun ga abin da ya faru a watan Nuwamba na 2024, sa'ad da Gwamna Uba Sani ya zo garin nan aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Sulhu kamar jariri yake, in ba a ba shi abinci ba ba ya rayuwa, abincinsa kuwa shi ne sana'ar halal ga matasa. Soja yakan zo ya tafi, amma mutumin da tuwon gidansa ya dogara da zaman lafiyar daji ba ya tafiya ko'ina, kuma shi ne zai fara kai rahoto in ya ga baƙuwar fuska. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muka jira sai komai ya daidaita kafin mu yi shawara, za mu tarar masu gawayi da masu yankan katako da masu haƙar zinariya sun riga mu, an sami zaman lafiya amma babu dajin.

Hujja ta biyu ita ce, wai kallon tsuntsu al'adar Turawa ce da masu ƙoshi, talaka ina ya ga lokacinta. Wannan ma ban yarda da ita ba. Wa ya koya wa kakanninmu cewa zuwan shamuwa alamar damina ce, har manomi ya fara gyaran gona? Wa ya sa wa zalɓe da balbela da ɗinya da cilakowa da carki da hasbiya da fakara sunayensu? Ba Bature ba ne. Mutanen da suka zauna suka lura ne, kamar dai waɗancan masu ɗan littafi. Mun kuma karanta a makarantar allo labarin Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya duba rundunar tsuntsaye har ya lura alhudahuda ba ya nan. Mu kuwa ungulu ta ɓace daga mahautarmu ba wanda ya tambaya, alhali tun 2015 masana suka sa irin ungulun da muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya. Gauraka ma sai a bakin tsofaffi. Don haka baƙin farko da nake so a gina wa masaukin nan ba Turawa ba ne, mu ne: ɗaliban Birnin Gwari da na Kaduna da Zariya da Funtuwa, da malamanmu, da iyayenmu. A sa kuɗin da ɗalibi zai iya biya. Ai akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a kusa da Jos, inda 'yan Nijeriya suke yin digiri a kan wannan ilimi. Me zai hana wata rana a sami ɗan Kuyello ko 'yar Randagi a cikinsu?

Hujja ta uku ta manoma ce, kuma mahaifina yana cikinsu. Sukan ce tsuntsu ɓarawon hatsi ne, wanda ya taɓa kwana yana kaɗa gwangwani a gonar dawa ba zai so a tara masa su ba. Haƙiƙa jan baki annoba ce in ta sauka. Amma laifin ɗaya ba ya shafar dangi duka. Balbela da shamuwa fara da tsutsa suke ci, mujiya ɓera take kamawa, burtu yakan haɗiye maciji, ungulu kuwa ita take kwashe mushe kafin ya jawo cuta. Manomin da ya rasa waɗannan ma'aikata na kyauta, da kuɗinsa zai sayi maganin feshi ya maye gurbinsu.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da za mu iya yi da kanmu ba tare da kwabo ba, kuma ba tare da mun fita daga gari ba. Ina roƙon shugaban makaranta da malaminmu na kimiyyar halittu su yarda mu kafa ƙungiyar masu lura da tsuntsaye. Mu sami babban littafi guda, duk ranar Asabar da safe mu zaga harabar makaranta da fadamar da take kusa, mu rubuta abin da muka gani da ranar da muka gan shi. In mun tafi hutu, kowa ya zauna gaban kakansa ya rubuto sunayen tsuntsaye goma da kamanninsu da kukansu, domin duk tsohon da ya rasu yakan tafi da nasa sani. Ƙannenmu masu danƙo kuma mu lallashe su su rage harbin abin da ba za su ci ba. Iyayenmu, ku ma muna roƙonku, in an zo taron iyaye da malamai ko an je gaisuwa fada, ku tayar da wannan magana, domin muryarku ta fi tamu kaiwa nesa.

Ina fata wata rana in kama hannun ƙanena mu kwana a irin wannan ɗaki, mu tashi bayan sallar asuba mu zauna shiru a bakin fadama, in nuna masa burtu mai rai in ce ga abin da kakanmu yake kwaikwayo. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar mana da dajinmu. Amin.