Asibitin Kusa ko Asibitin da Ya Saba da Mummunan Rauni?

Duk lokacin da hatsarin mota ya auku a kan babbar hanya, abin da jama'a suka saba yi shi ne su kwashi waɗanda suka jikkata su nufi asibitin da ya fi kusa. Tausayi ne ke sa haka, kuma ga wanda ya yi targaɗe ko ya karye a hannu, babu laifi a ciki. Amma ga mutumin da jini yake tsiyaya a cikin cikinsa, ko wanda ya bugu a ka har ya shiga dogon suma, binciken likitoci na sama da shekara 40 ya nuna cewa akwai tambayar da ta kai ta nisan hanya muhimmanci, wato: sau nawa wannan asibiti yake karɓar irin wannan rauni a shekara?

Asalin wannan magana daga fagen tiyata ta taso. A shekarar 1979 wani masanin tattalin arzikin kiwon lafiya a Amurka, Harold Luft, tare da abokan aikinsa biyu, suka nazarci bayanan asibitoci masu yawa, suka gano cewa a wasu manyan ayyuka irin su tiyatar zuciya, asibitocin da suke yin aikin a kai a kai sun fi waɗanda suke yin sa jefi-jefi ƙarancin mace-mace. Daga nan aka fara tambaya ko haka abin yake ga waɗanda suka ji munanan raunuka. A shekarar 2001 likita Avery Nathens da abokan aikinsa suka kwatanta cibiyoyin kula da masu rauni guda 31 a Amurka, suka raba su gida biyu: waɗanda suke karɓar sama da majinyata 650 a shekara, da waɗanda ba su kai haka ba. Sakamakon ya nuna cewa ga waɗanda suka ji rauni a sassan jiki da dama kuma suka iso a sume, haɗarin mutuwa ya ragu da kusan rabi a cibiyoyin da suka fi yawan aiki. Haka kuma waɗanda aka soka ko aka harba a ciki, suka iso jini ya kusa ƙare musu, sun fi tsira a can nesa ba kusa ba. Ga sauran majinyata kuwa, waɗanda ba su suma ba kuma jini bai yi musu ƙasa ba, ba a ga wani bambanci ba. Ke nan amfanin sabo yana bayyana ne ga wanda yake tsakanin rai da mutuwa.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da saifarsa ta fashe, huhunsa ya huje, ƙashin ƙugunsa ya karye, ba likita ɗaya yake bukata ba. Yana bukatar likitan tiyata, da mai sa shi barci, da ma'aikatan jinya, da mai ɗaukar hoto, da mai kula da ma'ajiyar jini, su haɗu a kansa a lokaci guda, kowa ya san inda zai tsaya da abin da zai fara yi ba tare da an tsaya shawara ba. Irin wannan haɗin hannu ba a cikin littafi ake samun sa ba, yau da gobe ce take kawo shi. Ma'aikaciyar jinyar da take ganin irin wannan majinyaci kowane mako takan gane daga launin fatarsa da saurin bugun zuciyarsa cewa jini yana zuba a ɓoye, tun kafin awo ya nuna. Likitan da ya saba ya san lokacin da ya kamata ya tsayar da jini kawai, ya rufe cikin na wucin gadi, ya bar sauran gyara sai gobe idan jikin ya farfaɗo. Wanda bai saba ba kuwa sai ya dage sai ya gyara komai a zama ɗaya, majinyaci ya cika a kan gadon tiyata. Bugu da ƙari, akwai batun kuɗi. Asibitin da yake ganin mummunan rauni sau uku a shekara ba zai iya ajiye ɗakin tiyata a buɗe dare da rana ba, ko ya tara jinin da zai lalace kafin a bukace shi. Wanda yake ganin irinsa kullum kuwa, dole ta sa ya yi.

Ƙasashen da suka ɗauki wannan darasi sun ga amfaninsa. Ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta sa sharaɗi cewa cibiya mai daraja ta ɗaya ta riƙa kwantar da masu rauni aƙalla 1,200 a shekara, ko kuma masu rauni mai tsanani 240. Wani babban bincike da aka buga a 2006 ya nuna cewa haɗarin mutuwa cikin shekara guda bayan rauni ya yi ƙasa da kashi 25 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa magani a irin waɗannan cibiyoyi, idan aka kwatanta da asibitocin gama-gari. Birnin Landan ya keɓe manyan asibitoci huɗu don wannan aiki a 2010, sauran Ingila ta bi sahu a 2012, aka umarci motocin ɗaukar marasa lafiya su wuce asibitin kusa idan raunin ya yi tsanani. Nazarin da aka fitar a 2018 ya nuna damar tsira ta ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari.

Sai dai kuma masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjarsu. Binciken da likita Demetrios Demetriades ya jagoranta a 2005 ya sami cewa darajar cibiya da kayan aikinta su ne suka bambanta masu tsira, yawan majinyata shi kaɗai bai sauya komai ba. Akwai kuma tsohuwar tambaya tun zamanin Luft: shin yawan aiki ne ya haifar da ƙwarewa, ko kuwa ƙwarewar ce ta jawo jama'a? Mai yiwuwa duka biyun ne. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci a ƙasa irin Nijeriya shi ne a rarrabe yawan majinyata da cunkoso. Asibitin da majinyata suke kwance a ƙasa, likita ɗaya yana zagaya mutum hamsin, 'yan'uwa suna yawon neman jini da tsakar dare, yana da yawa amma yawan bai zama ƙwarewa ba. Yawa yana amfani ne idan ma'aikata da kayan aiki sun ƙaru tare da shi.

Hujja mafi nauyi ita ce ta nisa. A ƙarshen shekarun 1990 likita Charles Mock da abokan aikinsa sun kwatanta birane uku: Kumasi a Gana, da Mantare a Meziko, da Siyatul a Amurka. Cikin waɗanda suka ji mummunan rauni, kashi 63 cikin ɗari ne suka mutu a Kumasi, kashi 55 a Mantare, kashi 35 a Siyatul, kuma mafi yawan bambancin ya faru ne kafin a isa asibiti. Babbar cibiya ba ta da amfani ga wanda ya cika a bayan a-kori-kura. Saboda haka duk wanda ya ce a kwaikwayi Landan kai tsaye a tsakanin Birnin Gwari da Kaduna, ya manta cewa tazarar da motar asibiti take ci cikin mintuna a can, a nan tafiyar sa'o'i ce.

Duk da haka, nisa bai rushe hujjar sabo ba, sai dai ya nuna yadda ya kamata a raba aiki. Al'adar da ta zama ruwan dare, inda kowane ɗan siyasa yake son ya kafa ginin da zai kira cibiyar masu hatsari a mazaɓarsa, tana tarwatsa 'yan ƙwararrun da ake da su ne kawai, har kowane wuri ya rasa adadin da zai sa hannun ma'aikatansa ya faɗa. Abin da ya fi dacewa shi ne a ƙarfafa wurare ƙalilan da aikin ya riga ya taru a cikinsu, irin su cibiyar kula da masu rauni ta Asibitin Ƙasa da ke Abuja wadda aka buɗe a 2014, da asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri, sannan a ɗora wa ƙananan asibitoci aiki bayyananne: su buɗe hanyar numfashi, su tsayar da jinin da ake gani, su ɗaure karaya, su buga waya, su tura majinyaci gaba ba tare da jinkiri ba. Akwai allura mai araha ta rage zubar jini, tranexamic acid, wadda babban gwajin da aka yi a ƙasashe 40 ya nuna a 2010 cewa tana ceton rai, daga baya kuma aka tabbatar cewa amfaninta yana cikin sa'o'i ukun farko ne. Babu dalilin da zai hana a ajiye ta a kowane asibitin ƙaramar hukuma. Doka ma ta share hanya, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin ba da taimakon gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ko da babu takardar 'yan sanda.

Saura kuma mutumin da yake fara isa wurin hatsari, wanda sau da yawa direba ne, ko ɗan acaɓa, ko malamin makarantar da ke bakin titi. A Gana, Mock da abokan aikinsa sun koyar da direbobin haya sama da 300 taimakon farko cikin 'yan sa'o'i, da kayan da ake samu a kowace tasha, kamar tsumma mai tsabta da katako. Idan za a yi irin wannan horo a tashoshin mota da kwalejojin ilimi na Arewa, ya kamata a haɗa da jerin alamomin da suke nuna cewa rauni ya fi ƙarfin asibitin kusa, da sunan asibitin da za a nufa a kowane yanki, da lambar wayar da za a kira kafin a taso.