Labarin da Kowa Ya San Ƙarshensa

Uwargida, ta yaya marubuci zai hana ki barci da labarin da kin riga kin san ƙarshensa? Robert Harris, ɗan Ingila kuma tsohon ɗan jarida, sana'arsa ke nan.

Duba littafinsa Pompeii na 2003. An san dutsen Vesuvius na Italiya ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya, ya binne garin. Harris bai wahalar da kansa wajen ɓoye wannan ba. Sai ya ɗauko wani matashin injiniya mai kula da ruwan sha, ya sa ruwa ya ƙafe kwana biyu kafin bala'in. Bawan Allah yana ta neman inda magudana ta toshe, ke kuwa hantarki na kaɗawa, kamar uwar da ta hango jaririnta yana rarrafe ya nufi murhu.

Injiniyan ƙagagge ne. Amma Pliny, shugaban sojojin ruwan Rum da ya mutu a bakin tekun, ya rayu da gaske, kuma Harris bai ceto shi ba don ya faranta mana. Wannan ya fi burge ni. Masu rubuta mana littattafan sarakunan da a WhatsApp, nan suke yawan zamewa, sai su raya wanda tarihi ya riga ya binne.