Waiwaye: Gobarar da Ruwan Sama Ya Haifa a Texas

Ranar Litinin, 26 ga Fabrairun 2024, wani turken wayar lantarki na katako, wanda gindinsa ya riga ya ruɓe, ya karye kusa da garin Stinnett a ƙuryar arewacin jihar Texas ta Amurka. Wayar ta faɗi cikin busasshiyar ciyawa. Kafin a cika kwana biyu wutar ta lashe fili fiye da eka dubu 500. Sa'ad da aka gama shawo kanta a tsakiyar Maris, ta cinye sama da eka miliyan ɗaya, wato filin da ya fi jihar Legas girma, har ta tsallaka zuwa Oklahoma. Ita ce ake kira gobarar Smokehouse Creek, mafi girma a tarihin Texas.

Abin da ya fi ja mini hankali a labarin shi ne ba fari ne ya haife ta ba. Ruwa ne. A tsakiyar 2023 yankin ya sami ruwan sama mai yawa, ciyawa ta yi tsawo ta yi kauri, makiyaya suka yi ta hamdala. Hunturu ya zo ya busar da ita a tsaye. Da Fabrairu ta kusa ƙarewa, zafin da ba a saba gani ba a wannan lokaci ya sauka, ga iska mai ƙarfi daga yamma tana gangarowa daga tsaunuka, babu ko ɗigon laima a cikinta. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba kurmin da zai tare iska. Masu aikin kashe gobara sun san halin ciyawa: ba kamar itace take ba, awa guda na busasshiyar iska ya isa ya mayar da ita makamashi, ko da an yi yayyafi jiya.

Masu hasashen yanayi ba su yi barci ba, a faɗi gaskiya. Hukumar yanayi ta Amurka tana da cibiya a Norman ta Oklahoma wadda ke fitar da hasashen haɗarin gobara kwanaki kafin lokaci, ofishinta na Amarillo kuma ya fitar da gargaɗin da suke kira na jar tuta. Sun kuma hango abin da ya fi muni: a yini na biyu iskar sanyi ta taso daga arewa ta juya akalar wutar. Gefenta mai tsawon kilomita masu yawa, wanda ɗazu yake ci a hankali, nan take ya zama goshinta, ya doshi kudu. Garin Canadian ya wayi gari da gidaje a ƙone. Masana'antar Pantex, inda ake haɗawa da kwance makaman nukiliyar Amurka, sai da ta dakatar da aiki na ɗan lokaci saboda wata wutar da ke ci a kusa. Ranar 29 ga wata dusar ƙanƙara ta zuba a kan toka, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Mutum biyu sun rasu a wannan gobara. Kwamitin majalisar dokokin Texas da ya yi bincike ya ce shanu fiye da dubu 15 suka halaka a gobarar yankin, kuma lokacin haihuwarsu ne. Duk wanda ya taso a gidan kiwo ya san cewa ba waɗanda suka mutu nan take ne abin tausayi ba. Akwai waɗanda suka tsira da ƙonannun kofatai da hantsa, ba sa iya tsayuwa, ba sa iya shayar da 'yan maruƙa, dole masu su suka harbe su da hannunsu. Waɗanda suka rage kuma babu abin ci, babu shinge, sai da manoma daga wasu jihohi suka yi ta aiko da motocin harawa.

To, in hasashe ya yi daidai, ina aka kwana? Hasashe yana sayo wa mutum awoyi ne, ko kwana biyu zuwa uku. Ya isa a kwashe yara da tsofaffi, a yanke shinge shanu su gudu. Bai isa a canza ruɓaɓɓen turke ba. Kamfanin Xcel Energy ya amsa cewa da alama kayansa na da hannu a tashin wutar, ko da yake ya musanta sakaci. Kwamitin nan ya gano cewa yawancin masu kashe gobarar karkara 'yan sa-kai ne da kayan aikinsu ba su wadata ba, rediyoyinsu ba sa jin juna, jihar kuma a lokacin ba ta da jiragen kashe gobara nata na kanta. Duk waɗannan aikin watanni ne da shekaru. Kuma ba baƙon abu ba ne ya same su: a Maris na 2006 wuta ta ci sama da eka dubu 900 a wannan yankin, a Maris na 2017 gobarar Starbuck ta ratsa Oklahoma da Kansas. Lokaci ɗaya, iska ɗaya, ciyawa ɗaya.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Makiyayan Tahoua da Dakoro da arewacin Zinder sun san wannan lissafi ba tare da an karanta musu ba: shekarar da damina ta yi albarka, ita ce shekarar da wutar daji ke cin wuraren kiwo da zarar iskar hunturu ta kaɗa. Shi ya sa a Nijar ake share dogayen layuka a cikin daji don su tare wuta, a biya mutanen karkara ladan aikin. Dabara ce mai kyau, illarta ɗaya ita ce jinkiri, don sau da yawa kuɗin aikin ba sa fitowa sai ciyawa ta bushe. Hukumomin da abin ya shafa, a Nijar da arewacin Najeriya, su riƙa ware kuɗin sharar nan tun ana tsakiyar damina, a kama aiki da ɗaukewar ruwa, kafin Oktoba ta yi nisa.