Ba Kowace Waƙa Mai Duhu Ce Ke Ɓoye Asiri Ba

Wani ra'ayi ya yi katutu a wajen masu sauraron waƙoƙin Ingila da Amurka, wai duk waƙar da ba a gane ta nan take ba, akwai asirin da aka binne a cikinta. Wannan ya ce saƙon matsafa ne, wancan ya ce ƙungiyar asiri ce ta sa aka rera. Fahimta ce gurguwa, kuma zalunci ce ga mawaƙi.

Dubi waƙar Hotel California da ƙungiyar Eagles ta fitar a 1976. Matafiyi ne ya sauka a otal na alfarma, ya tarar kowa na cikin daula, amma babu hanyar fita. Shekara da shekaru ana yaɗa cewa bautar Shaiɗan ce. Don Henley da ya rera ta ya sha bayyana cewa holewa da almubazzarancin Amurka yake nufi. Mutum ya samu duk abin da ya nema, ya wayi gari fursuna. Masu farautar asiri sun tsallake wannan ciwo da ke gaban idonsu.

A 1997 ƙungiyar Radiohead ta Ingila ta fitar da kundin OK Computer. Waƙar Fitter Happier da ke ciki, muryar kwamfutar Macintosh ce ta karanta ta: jerin shawarwarin zaman lafiya da cin nasara, a warwatse, babu rai. Warwatsewar nan ita ce maganar. Wanda ya ji kansa baƙo a tsakiyar mutanensa ba ya iya jera zance daki-daki.

Kunnenmu ya saba da habaici da zambo, inda ake tambayar da wa ake. A can tambayar ta dace, domin akwai wanda aka nufa. Waƙar kaɗaici kuwa da mai sauraronta take.

Tonon asirin da babu shi yana da haɗari. Wani mai suna Charles Manson ya ɗauki waƙar ƙungiyar Beatles mai suna Helter Skelter ta 1968 a matsayin busharar yaƙin launin fata, mabiyansa suka kashe mutane a Los Angeles a 1969. Alhali sunan waƙar na wani abin wasan zamiya ne a Ingila.

Mai sauraro, kafin ka tambayi abin da mawaƙi ya ɓoye, tambayi abin da ke damunsa, domin shi ya kawo maka.